Abdulkarim, Baturen da Ya Zana Birnin Kano da Fensir

A cikin baƙin da suka ziyarci ƙasar Hausa a zamanin da, akwai wani Bature mutumin Jamus wanda ake kira Heinrich Barth. Mutanen ƙasashenmu ba su san shi da wannan suna ba, Abdulkarim suke ce da shi, domin shi ne sunan da ya zaɓa wa kansa sa'ad da zai shigo ƙasashen Musulmi. Ya yi shekara biyar da 'yan watanni yana yawo tsakanin Tarabulus da Barno da Tambutu, ya shiga Kano har sau biyu. Ba sarki ba ne, ba mayaƙi ba ne, ba kuma attajiri ba ne. Abin da ya sa har yanzu ake tunawa da shi, shi ne ya iya duban abu da kyau, ya kuma iya ajiye abin da ya gani a kan takarda, wani a rubuce, wani a zane. Saboda fensirinsa ne muke iya ganin kamannin birnin Kano na shekara ta 1851.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abdulkarim a birnin Hambag, wani babban garin ciniki na bakin ruwa a ƙasar Jamus, ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ubansa ya taso cikin talauci, amma ya yi ta fama da sana'a har ya zama ɗan kasuwa mai abin hannunsa. Da yake shi bai sami karatu mai zurfi ba, sai ya ƙudura a ransa ɗansa zai samu. Yaron kuwa ya tashi ba mai yawan wasa ba, ba mai yawan abokai ba, littafi ne abokin hirarsa. Tun yana makaranta aka ga yana da baiwar koyon harsuna.

A shekara ta 1839 ya shiga babbar makaranta ta birnin Barlin. A can ya karanta labarin ƙasa da tarihin mutanen da, watau Girkawa da Rumawa. Ɗaya daga cikin malamansa shi ne Carl Ritter, wanda ya shahara ƙwarai wajen ilmin labarin ƙasa. A shekara ta 1844 ya gama, aka ba shi shaidar zama dakta. Sa'an nan ya tafi Landan ya ƙara ƙarfafa Larabcinsa, domin ya yi niyyar zagaya ƙasashen da ke gefen Bahar Rum, ya ga kufan garuruwan da ya karanta labarinsu da idonsa. Gani, ai, ya kori ji.

Tafiyarsa ta Fari

Daga 1845 zuwa 1847 ya bi ta Maroko da Aljeriya da Tunis da Tarabulus da Masar, har Sham da ƙasar Turkawa. Ko'ina ya tarar da tsohon gini ko rubutu a jikin dutse, sai ya tsaya ya auna, ya kwafa, ya zana. Wannan aiki na yau da gobe shi ya horar da idonsa da hannunsa.

A wannan zamani ba a daɗe da ƙago na'urar ɗaukar hoto ba, gama a 1839 aka bayyana ta a Faransa. Irin ta lokacin tana da nauyi, a kan farantin ƙarfe take ɗaukar hoto, aikinta kuma sai da magunguna da haƙuri mai yawa. Abdulkarim ya tafi da irinta. To, a shekara ta 1846, yana kusa da iyakar Masar, sai 'yan fashi suka far masa. Suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa, har da na'urar da takardunsa da zane-zanen da ya sha wahalar yi. Da ƙyar ya tsira da ransa. Wani da ya ga haka sai ya koma gida ya zauna, amma shi bai fasa ba. Ya yi jiyya, ya sayi sabuwar takarda, ya ci gaba da tafiyarsa.

Ƙetare Sahara

A shekara ta 1849 Gwamnatin Ingila ta shirya aika wani Bature mai suna James Richardson ƙasashen da ke kudu da Sahara. Nufinta ta ƙulla ciniki da sarakunan ƙasashen, ta kuma nemi hanyar hana cinikin bayi. Aka nemi masana su raka shi, aka sami Jamusawa biyu, Abdulkarim da Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus cikin watan Maris, 1850, da raƙuma masu yawa. A cikin kayansu har da jirgin ruwa wanda aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, don a haɗa shi in an isa Tafkin Chadi.

Kayan aikin Abdulkarim ba su da yawa: agogo, da kamfas, watau 'yar na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, da littattafan rubutu ƙanana, da fensir da alƙalami. Yana bisa raƙumi yana duba agogo da kamfas, yana rubuta inda hanya ta nufa da tsawon lokacin da aka yi ana binta. In aka sauka zango, sai ya zauna ya gyara abin da ya rubuta, ya zana duwatsu da gine-ginen da aka wuce.

A cikin watan Yuli na wannan shekara suka sauka wani kwari a tsakiyar hamada, kafin a kai Gat. A nan ya ga wasu zane-zane da mutanen da can can suka sassaƙa a jikin duwatsu. Akwai garken shanu, akwai kuma siffofin mutane masu kawunan dabbobi riƙe da baka. Ya zauna ya kwafe su a littafinsa. Da ya dube su da kyau sai ya yi tunani, wanda ya zana saniya haka lalle ya san saniya, saniya kuwa ba ta rayuwa inda babu ruwa da ciyawa. Ashe ke nan akwai zamanin da Sahara take da dausayi. Masanan da suka zo bayansa sun bincika, sun tabbatar haka abin yake. Kun ga yadda zanen da wani ya yi tun shekaru dubbai ya ba da labarin da babu wani littafi da ya ajiye.

Ba a daɗe ba son ganin ƙwaƙwaf ya kusa halaka shi. Kusa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda Buzaye suke cewa gidan aljannu ne, suka gargaɗe shi kada ya je. Shi kuwa yana zaton zai sami wasu zane-zanen a can, sai ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ya kwana a fili. Ƙishirwa ta tsananta har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Yana kwance ya fid da rai, sai wani Buzu da ya biyo sawunsa ya same shi, ya ba shi ruwa, ya ɗora shi a raƙumi ya mai da shi zango.

Daga nan suka shiga ƙasar Azbin. Cikin watan Oktoba ya ziyarci Agadas, ya gai da Sarki, ya zana masallacin garin da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa, wadda har yanzu tana nan tsaye. A kan wannan hanya ya koyi Hausa daga bakin fatake da barorin ayari, har ya iya hira da ita.

Abdulkarim a Kano

A farkon 1851 Turawan nan uku suka rabu, kowa ya kama hanyarsa, da alkawarin za su haɗu a Kukawa. Abdulkarim ya biyo ayarin gishiri zuwa Katsina. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi 'yan kwanaki kafin ya sallame shi. Ran 2 ga Fabrairu, 1851, ya shigo Kano. Bayan sun shige ƙofar gari sai da suka yi tafiya mai nisa cikin fili da gonaki kafin su kai ga gidaje, domin a lokacin ganuwa ta kewaye fili mai yawa wanda ba kowa a ciki. Aka sauke shi a unguwar Dala, inda fataken Larabawa suke zaune.

Zamansa na fari a Kano ba mai daɗi ba ne. Ga bashi ya yi masa katutu, ga kayan da ya dogara da su ba su yi kuɗi a kasuwa ba, ga ɗakin da aka ba shi da duhu, ga kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Sarkin Kano a lokacin shi ne Usman, ɗan Ibrahim Dabo, Galadima kuwa ɗan'uwansa ne Abdullahi, wanda ya gaje shi daga baya. Da Abdulkarim ya sami sauƙi ya je ya gaishe su, ya kai gaisuwa irin wadda ya iya, Sarki kuma ya yi masa kyautar da ta rage masa nauyin bashi.

Duk da wannan wahala bai zauna a ɗaki ba. Ya hau doki ya zaga gari, ya shiga Kasuwar Kurmi, ya ga marina da masaƙa da dukawa da maƙera. Ya tambayi sunayen unguwanni da na ƙofofi ya rubuta. Ya kimanta mazaunan birnin za su kai 30,000, amma da rani, in fatake suka taru, sai su ninka. Ya lissafa tufafin da Kano take sayarwa a shekara ya ga za su kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Ya zana taswirar birnin, ya nuna ganuwa da Dala da Goron Dutse da Jakara, da gefen da mutane suke zaune da gefen da yake fili. Ya zana fasalin gidan da aka sauke shi, ɗaki bayan ɗaki. Har takalma da jakunkunan fata na dukawan Kano bai raina su ba, sai da ya zana su.

Ran 10 ga Fabrairu ya hau Dutsen Dala da littafinsa, ya zauna ya zana birnin kamar yadda ya shimfiɗu a gabansa: soraye da bukkoki a cakuɗe, da kududdufai, da dabino da gwanda da rimi sun yi wa gidaje inuwa. Wannan zane yana cikin mafi daɗewar hotunan Kano da ake da su a duniya.

Wanda ya hau Dala yau ya duba gabas zai ga gini ya haɗe har iyakar ganinsa. A zamanin Abdulkarim ba haka ba ne. Fagge tana bayan ganuwa, zango ce inda ayarin Azbinawa da sauran fataken arewa suke sauke raƙumansu. Sabon Gari kuwa babu ita sam, sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa ta, wajen 1913, don baƙin da suka zo aiki da ciniki daga kudu. Da ba don wani ya zauna ya zana ba, da yaron da aka haifa a Fagge ko Sabon Gari ba shi da hanyar ganin yadda garin kakanninsa yake kafin a yi titi da kanti.

Yadda Baƙi Ɗaya Yake Isa

Watakila wani yaro zai yi tambaya, yaya mutum zai zana gari guda da fensir, alhali fensir launi ɗaya gare shi? Bari mu dakata da labarin kaɗan mu duba wannan, domin sai mun gane shi za mu san darajar aikin mutumin nan.

Bakin fensir ba darma ba ne, wani baƙin ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, asalinsa ɗaya da gawayi. A shekara ta 1795 wani Bafaranshe mai suna Conté ya gano dabarar niƙa shi a cuɗa da yumɓu a gasa. In yumɓu ya yi yawa sai fensir ya yi tauri, zanensa ya yi haske. In ya yi kaɗan sai ya yi taushi, zanensa ya yi baƙi. Ashe fensir ɗan'uwan gawayin murhu ne. Mu ma a nan ba baƙin wannan abu ba ne, gama da gawayi da ƙaro ake haɗa tawadar da almajiri yake rubutu da ita a allo, da alƙalamin gamba.

Abin da ido yake gane siffar abu da shi, haske ne da inuwa. Ku ajiye tulu a tsakar gida da hantsi ku duba. Gefen da ke fuskantar rana yana da haske, ɗaya gefen yana da duhu, tsakaninsu kuma akwai wurin da ba haske sosai ba duhu sosai. A ƙasa kuma ga inuwar tulun ta kwanta, ta fi ko'ina baƙi a daidai gindinsa. Mai zane yakan bar farar takarda ta zama haske, ya shafa gawayi sama-sama ya murza da yatsa ya sami toka-toka, ya danna da ƙarfi ya sami baƙi ƙirin. Da waɗannan uku tulu zai fito da cikinsa kamar a ɗauka. In aka zana da'irarsa kaɗai ba inuwa, sai ya zama kamar faifai.

Akwai kuma ƙa'idar nesa da kusa. Abin da ke kusa yakan fito babba, da baƙi sosai, ana ganin ƙananan abubuwan da ke jikinsa. Abin da ke nesa yakan ƙanƙance, ya dushe, musamman da hunturu in hazo ya sauka. Wanda ke kan Dala zai ga gidan da ke gindin dutsen da zankwayensa da indararonsa, amma na can wajen fada sai dai ya ga alamarsa. Don a san girman abu, mai zane yakan miƙe hannunsa riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon itace da babban yatsansa a jikin fensirin, sa'an nan ya gwada da tsawon soron da ke kusa da shi. Ta haka ba zai zana akuya ta fi zaure ba.

Babbar ƙa'ida dai ita ce a daɗe ana dubawa kafin a sa hannu, a kuma zana abin da ido ya gani, ba abin da zuciya take zato ba. A nan ne ƙarfin Abdulkarim yake. Ba gwanin zane ba ne irin waɗanda ake rataye aikinsu a fadar sarakuna, amma ba ya ƙari, ba ya ragi.

Daga Barno zuwa Tambutu

A farkon watan Maris ya bar Kano ya nufi Barno. Yana hanya ya sami labarin Richardson ya mutu kafin ya kai Kukawa. Shehu Umar na Barno da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi da kyau. Daga Kukawa ya yi kudu, ya ga kogin Binuwai ran 18 ga Yuni, 1851, ya isa Yola, amma Lamiɗo Lawal bai yarda ya daɗe ba. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya ga yadda ake kama bayi ana ƙone garuruwa, ya rubuta abin da ya gani bai ɓoye ba. Cikin watan Satumba, 1852, Overweg, wanda ya haɗa jirgin nan ya shiga Tafkin Chadi da shi, ya mutu da zazzaɓi. Abdulkarim ya rage shi kaɗai.

Overweg ya bar yara biyu da ya fansa daga bauta, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Abdulkarim ya ɗauke su, suka yi yamma tare. Suka bi ta Damagaram da Katsina, a 1853 ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno, ya ziyarci Sakkwato. A Gwandu aka ara masa wani littafin tarihi na Larabci mai suna Tarihus Sudan, wanda ya ƙunshi labarin daular Sanwai, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ya ƙetare Kwara a Sayi, ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, 1853.

A Tambutu ransa ya shiga hatsari, domin akwai masu neman a kashe shi ko a kore shi. Wani babban malami, Shaihu Ahmadul Bakkayi, shi ya tsaya masa, ya kare shi wata da watanni, suna zama suna muhawara a kan ilmi da addini, kowa yana girmama ɗan'uwansa. A 1854 ya samu ya fito, ya komo Kano cikin watan Oktoba. Ya tarar ba kuɗi ba saƙo, gama labari ya bazu har Turai cewa ya mutu. Sai da ya ci bashi wurin fatake kafin ya iya tashi. A cikin daji, kan hanyar Kukawa, ya yi kaciɓis da wani Bajamushe, Eduard Vogel, wanda aka aiko don ya taimaka masa. Ya sake ƙetare Sahara, ya isa Tarabulus cikin watan Agusta, 1855, ya sauka Landan cikin Satumba tare da Dorugu da Abbega. Tafiyar da ya yi ta fi mil 10,000.

Littafinsa da Ƙarshen Ransa

Da ya huta sai ya zauna ya tattara abin da ke cikin 'yan littattafansa. Aka buga labarin tafiyarsa da Turanci da Jamusanci a 1857 da 1858, littafi biyar manya, shafinsu ya fi 3,000. Wani masanin taswira, August Petermann, ya bi lissafin agogo da kamfas ɗin nan ya fitar da taswirorin hanyoyin. Zane-zanen kuwa aka miƙa wa wani gwanin zane, Johann Martin Bernatz, ya sake su yadda za su bugu. A lokacin akan zana hoto da wani baƙin alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi, a shafa tawada, a danna takarda a kai, daga baya a ƙara ɗan launi. Bernatz bai taɓa taka Kano ba, da idon Abdulkarim ya gan ta. Saboda haka mai duban hotunan ya tuna hannu biyu suka bi kafin su iso gare shi. Ƙananan zane-zanen kuwa, irin na takalma da fasalin gidaje, da baƙi ɗaya aka buga su a tsakanin rubutu.

Littafin bai sami kasuwa sosai ba, domin mutanen Turai na lokacin sun fi son labarin farauta da faɗa, shi kuwa ya cika nasa da sunayen garuruwa da tarihin sarakuna da farashin kaya. Ya nuna musu ƙasashen nan suna da birane da malamai da shari'a da tarihi a rubuce, abin da da yawansu ba su so ji ba. Gaskiya ne kuma, Turawan da suka zo daga baya da niyyar cin ƙasa sun amfana da taswirorinsa, har Ingilishi suka ci Kano a 1903. Amma yau 'ya'yan ƙasar su ne suka fi kowa amfani da littafin, don sanin yadda kakanninsu suka zauna.

Daga baya ya koma Barlin yana koyarwa a makarantar da ya yi karatu, ya kuma wallafa littafi a kan harsunan da ya koya, har da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Wahalar tafiya ta riga ta ci jikinsa. Ya mutu ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44. Abbega ya komo ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya taimaki wani Bature mai suna Schön rubuta littattafan Hausa, ya komo gida, a ƙarshen ransa ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a nan ya rasu a 1912.

Abin da Za Mu Ɗauka

Yawancin ganuwar da Abdulkarim ya zana ta zube, kududdufai da yawa an cike su an yi gini, filayen da ya ratsa sun zama unguwanni. Abin da muke gani yau shi ma haka zai sauya. Tsohon zauren da ke unguwarku, da rumfar mai shayi, da itacen da tsofaffi suke zama a gindinsa, wata rana za a neme su a rasa.

Yanzu akwai na'urar ɗaukar hoto har a cikin wayar hannu, amma na'ura ba ta koya wa mutum dubawa. Wanda ya zauna sa'a guda yana zana ƙofar gidansu zai ga abubuwan da ya shekara goma yana wucewa bai lura da su ba. Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfin kowa ba. A sami ƙirare sirara busassu, a zuba a gwangwani mai murfi, a huda 'yar ƙofa a murfin, a sa a wuta da izinin babba har hayaƙi ya daina fita. In ya huce, an sami gawayin zane. A fara da tulu ko ƙwarya, sa'an nan kujera, sa'an nan zaure. Na fari ba zai yi kyau ba, na goma zai fi shi, da koyo akan iya. In an gama a rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasan takardar, kamar yadda aka rubuta a ƙasan hoton Dala, domin wanda zai duba bayan shekara ɗari ya san abin da yake gani.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abdulkarim, a wace shekara kuma?
2. Me zanen shanun da ya gani a hamada ya nuna masa?
3. Wa yake sarautar Kano sa'ad da ya zo a 1851?
4. Yaya Fagge take a lokacin, yaushe kuma aka kafa Sabon Gari?
5. Ajiye tulu a rana da hantsi ka zana shi da gawayi, ka nuna haske da toka-toka da baƙi.